Na ba ɗalibaina aikin ƙirga leda, wani uba ya zo har ofis

Malama Rabi: Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Shawara nake nema, kuma in ni ce da laifi a faɗa min, ba zan ji haushi ba. Ina koyar da kimiyya a aji biyu na ƙaramar sakandare a nan Kano. Mun zo kan darasin shara da gurɓatar muhalli, sai na ga abin da ke littafin bai wuce ma'anoni ba, yaro ya haddace, ya zuba a jarrabawa, ya manta. Har da hoton kwandunan shara uku masu launi daban-daban, irin waɗanda ni kaina ban taɓa gani a unguwarmu ba.

Sai na ce bari in gwada wata hanya. Na ba su aikin gida na mako ɗaya: duk ledar da ta shigo gidansu daga Litinin zuwa Lahadi, ta cefane, ta fiya wata, ta biredi, ta omo, ta taliya, su tara a buhu, su ƙirga, su rubuto min adadin. Ban ce a kawo buhun makaranta ba.

Ranar Laraba sai ga mahaifin wata yarinya a ofishin shugaba, yana faɗa kamar zai ari baki. Wai shi kimiyya ya turo 'yarsa ta koya, ba jari bola ba. Wannan bai dame ni sosai ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ranar da aka karanto sakamako a aji. Wani yaro mai shiru-shiru, wanda na san mahaifiyarsa wankau take yi, shi ya fi kowa yawa, leda 94. Ajin ya kwashe da dariya, wani ya ce gidansu ne hedikwatar bola. Yarinyar da ake kawowa a mota kuwa 21 ta rubuto. Tun ranar yaron bai sake ɗaga hannu ba. In ci gaba ko in koma wa littafi?

Malam Nasiru: Wa alaikumus salam. Malama, ki koma wa littafi. Ba don aikin ba shi da kyau ba, sai don yaro ɗan shekara 13 ba shi da ta cewa a gidansu. Shi ke cefane? Shi ke ba da kuɗin? Kin ɗora masa nauyin da ba nasa ba. Kuma a ce ya tara, ya ware, ya kai ina? A layinmu wata da watanni ake yi ba a ga motar kwasar shara ba. Yaro ya ware leda gefe, ɓawon albasa gefe, da yamma a ba almajiri ya haɗe su a bokiti ɗaya ya juye a kwata.

Hajiya Binta: Malama Rabi, kin san dalilin 94 ɗin nan kuwa? Ki zauna ki yi lissafin cefanen gidan da ake samu da safe a ci da rana. Man gyaɗa na ƙulli, leda ɗaya. Gishiri, leda ɗaya. Kuka, daddawa, barkono, sukarin koko, omon wankau ɗin nan da kika ambata, kowanne da ledarsa, sannan mai kanti ya haɗa su duka a baƙar leda. Gobe ma haka. Gidan su mai mota kuwa buhun shinkafa aka ajiye a sito, jarkar mai guda, katan ɗin taliya. Sharar su ba ta fi ƙanƙanta ba, irinta ce daban, kwali ne da gwangwani da famfas, kuma ba ki ce a ƙirgo waɗannan ba. Ba tsafta kika auna ba ƙanwata, aljihu kika auna a gaban aji.

Malama Rabi: Innalillahi. Wallahi Hajiya ban kawo wannan ba sam.

Hajiya Binta: Ba komai, ai da haka ake koyo. Ni ma na taɓa cewa kowa ya faɗi abin da ya karya da shi a darasin abinci mai gina jiki. Sau ɗaya na yi, ban ƙara ba.

Baba Hedimasta: Salamu alaikum 'ya'yana. Ban cika magana a nan ba saboda idon ya yi rauni, jikata ce ke rubuta min. Amma wannan ta taɓa ni.

Rabi, 'yata, kada ki koma wa littafin nan. Abin da ake so ki koya musu kakanninsu sun fi mai littafin saninsa. Gidan da na tashi a cikin birni, in ka ce a nuna maka shara sai an yi tunani. Tuwon da ya kwana ɗumame ne. Wanda ya kama a gindin tukunya ƙanzo ne, a shanya, ranar da babu a jiƙa a kwaɗa da ƙuli-ƙuli. An surfa gero, dusa ta awaki ce, ƙasari ma su za su sha. Toka a tace a yi ruwan toka na miya, sauran a goge tukunya, abin da ya rage ya tafi gona. Zane ya tsufa ya zama goyo, goyo ya zama tsumma. Ƙwarya ta fashe ba a yar da ita, gyartai na zagayawa, ya ɗinke ta tsaf. Yau ka tambayi ɗan aji biyu mene ne gyartai, zai ɗauka zagi ne kawai.

Abin da aka share daga tsakar gida da turken dabbobi kuwa, wannan dukiya ce. Da rani za ka ga jakuna sun shigo ta ƙofofin gari da itace, in za su koma ƙauye an cika musu mangala da taki. Gonakin da ke kewaye da Kano shekara da shekaru ake noma su ba hutu, da wannan takin suke rayuwa. Har Turawa masu bincike sun zo sun yi ta rubutu a kai. Sannan ga duba-gari, ya shigo har tsakar gida ya leƙa randa, ya duba rariya, in ya ga tsutsa ka shiga uku. A zamanin Buhari da Idiagbon aka zo da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, daga baya aka shigo da sharar dole, wadda jikarta ce tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata da kuke yi yanzu. Duk na ga waɗannan. Leda ce baƙuwa a garin nan, ba tattali ba.

Malam Nasiru: Allah ya ƙara lafiya Baba. Amma mutanen birnin a lokacin nawa ne, yanzu nawa ne? Gidan da ke da turke a da, yanzu an yanka shi ɗaki-ɗaki an zuba 'yan haya. Wa zai ba akuya ƙasari a bene hawa na biyu?

Hajiya Binta: Baba, Allah ya ja kwana, ka yi min afuwa zan ɗan saɓa. Duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ka lura hannun wa ke yin sa? Surfe, tace toka, shanyar ƙanzo, wanke akushi ashirin bayan an watse daga suna. Mata ne. Ni na yi wa kakata wannan wanke-wanken har hannuna ya yi kanta. Ranar da aka fara ƙulla tuwo a leda a gidan biki, ba wanda ya kai mata murna. Kuma yanzu ruwan ma saye ake yi a wajen 'yan garuwa. Matar da za ta zaɓa tsakanin jarka ɗaya ta wanke kwanuka ko ta yi wa yara wanka, kada a zo mata da wa'azin leda. In za a koya wa yara komawa kwano, to a koya wa maza wanke shi, ba a ƙara wa 'yan mata aiki a ce ana gyaran muhalli ba.

Baba Hedimasta: Binta kin kama ni. Ban taɓa wanke akushi ba a rayuwata, jikata ma ga ta nan tana dariya.

Malam Kabiru: Ni malamin aikin gona ne, bari in shigo ta inda Baba ya tsaya. Takin bola har gobe ana saye, sai dai yanzu a tifa ake kaiwa ba a jaki ba. Ku je gonakin bakin gari da bazara ku gani. An juye tifa, iska ta kwashe ledar ta watsa, gona ta zama kamar an shanya baƙaƙen tsummoki, duk wata ƙaya ta kama rabonta. Manomi sai ya sa yara tsince kafin ya baza, ga fasassun kwalabe, ga batura, wani lokaci har allurar asibiti. Ledar da ta nutse a ƙasa kuma ba ruɓewa take ba, garma ta tono ta baɗi, ta sake tono ta baɗin baɗaɗa.

Na biyu, yayana mahauci ne. Duk wanda ke shakka ya je kwatar mahauta da sassafe ya tsaya inda ake fasa tumbi. Za a ciro dunƙulen leda a murɗe kamar igiya, ya yi tauri, daga cikin saniya ko tunkiya. Dabbar tana kiwo a bola, ta ji gishiri da maiƙo a jikin leda ta haɗiye. Ba ta narkewa, ba ta fita. Sai ka ga akuya ciki ya kumbura amma tana ramewa, mai ita yana ta sayen magani. Na taɓa roƙon yayan nawa ya ajiye min guda, na wanke na shanya na kai aji a kwali. Ban yi dogon bayani ba, na ce wannan daga cikin tunkiya aka ciro. Wata yarinya da ke da akuyar da kakarta ta ba ta har da hawaye. Yaron da kuke cewa ba shi da iko a gida, a kan akuyarsa yana da iko.

Malama Rabi: Malam Kabiru don Allah kwalin nan yana nan?

Malam Kabiru: Yana nan, sai dai ki zo da turare.

Sadiq: Gaskiya dole a tashi tsaye. Ku dubi abin da ya faru a Maiduguri a 2024, duk toshe magudanan ruwa da leda ne ya jawo.

Malam Nasiru: A'a Sadiq, kada mu koya wa yara abin da ba haka ba. Ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024 madatsar ruwa ta Alau ce ta ɓalle. Ko babu leda ko ɗaya a garin ruwan nan sai ya shiga. In misali kake nema ba sai ka je Borno ba, ka leƙa lambatun layinku bayan ruwan farko, ko ka bi ta rafin Jakara a Kano. Irin wannan ƙarin gishirin ne ke sa yaro mai wayo ya daina yarda da malami.

Sadiq: Na karɓi gyara Malam.

Mushe Isufu, Maraɗi: Sallama gare ku 'yan uwa na Najeriya. Ina koyarwa a lakwal ta firamare, ina bin zancen tun ɗazu. Malam Nasiru na da gaskiya wajen cewa abin ya fi ƙarfin yaro, amma kada ku zaci doka kaɗai za ta yi. Mu nan Nijar tun 2014 aka yi dokar hana shigowa da irin ledar nan marar kauri da sayar da ita. Ku zo kasuwar Maraɗi ku gani ko ta san da dokar. Mai tumatir na ba ka, mai nama na ba ka, ko allura ka saya sai an sa maka a leda. A Kamaru ma an hana a 2014. Inda na ji mutane na ba da labarin abin ya kama sosai shi ne Njamena a 2010, lokacin da magajiyar garin ta tsaya a kan maganar da kanta. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017 da hukunci mai tsanani har da ɗauri. Bambancin ba a takardar dokar yake ba, a wanda zai tsaya ne, da kuma abin da za a ba mutane su riƙa a madadinta.

Abin da nake yi da yarana ƙarami ne. Mai ƙosai da mai waina na bakin lakwal mun yi magana da su, duk yaron da ya zo da tasarshi ana ƙara mishi ɗaya. Su ma riba ce gare su tunda sayen ledar suke. Ba duka yara ke zuwa da ita ba, amma waɗanda suka saba sun saba.

Hajiya Binta: Mushe wannan dabara ta yi. Gyara ai ta fi wa'azi shiga kunne. Legas ma sun hana robar tekawe mai kama da soso a farkon 2024, ina jira in ga ranar da za ta iso gidajen bikinmu.

Tunda an zo nan, akwai biyu da nake so Malama Rabi ta sa a darasin ko da za ta bar sauran, don su lafiya suka shafa kai tsaye. Na ɗaya hura gawayi da leda. Kusan kowane gida ana yi, kuma yarinya ake sa wa, ta tsuguna a kan kurfoti tana fifita tana shaƙar baƙin hayaƙin nan mai ɗaci. Na biyu ƙona shara a ƙofar gida da magariba, da roba da batir da komai a ciki, hayaƙin ya kwanta a layi, masu asma su kwana ba barci. Waɗannan yaro zai iya cewa Umma bari in samo kara ko tsinken itace. Ba kuɗi ake kashewa ba.

Malam Auwalu: Assalamu alaikum. A Islamiyya muna da ƙofar shiga wannan magana wadda ba uban da zai zo ofis a kanta. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta ce a ci a sha kada a yi ɓarna. A Suratul Isra'i an kira masu almubazzaranci 'yan uwan shaiɗanu. Hadisi ya inganta cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani, kuma in loma ta faɗi a ɗauka a share a ci. Yaranmu sun haddace duk wannan. Matsalar ita ce sun ajiye shi a aljihun Islamiyya, kimiyya kuma a aljihun boko, ba wanda ya ce musu wando ɗaya ne. Yaro zai karanto maka hadisin kawar da ƙaya daga hanya, ya fito ya sha fiya wata ya jefar da ledar a ƙofar masallaci.

Sai dai akwai maganar da Malam Nasiru ya taɓo ya wuce, ni kuma ba zan wuce ta ba. Almajirin da ake ba shara. Mu ne muke ce wa yaro ɗan shekara 9 ungo kai bola, mun san bolar da nisa, mun san ba takalmi a ƙafarsa, ba ma tambayar inda ya kai. In ya juye a kwata mu ce almajirai sun ɓata gari. Ɗanka na ciki yana kallon talabijin. In Malama za ta ba da wani aikin gida, ta ce kowane yaro ya bi sharar gidansu da ƙafarsa sau ɗaya, ya ga inda take kwana.

Malam Nasiru: Allah gafarta Malam, sai wani uban ya sake zuwa ofis ke nan.

Malam Auwalu: Ya zo. Ni a turo min shi.

Malam Nasiru: To ni bari in faɗi abin da ke cina tun farko. Ba darasin nake ƙi ba, fuska biyu nake ƙi. Makarantar da nake, ba famfo, ba randa. Yara ɗari-ɗari, kowa fiya wata yake saye a shagon da ke cikin makarantar. Bayan tara filin wasa fari fat da leda. Sai a kama 'yan makara a ce su tsince, wato tsintar shara horo ce. Shekara shida muna nuna wa yaro cewa mai laifi ne ke taɓa shara, sannan ranar 5 ga Yuni a ba shi kwali ya riƙe a ɗauki hoto wai ranar muhalli ta duniya. Uban da ya ce 'yarsa ba 'yar jari bola ba ce, a irin makarantunmu ya koyi raina sana'ar. Alhali ɗan jari bolan nan da ke tura kura yana sayen gwangwani da tsohon ƙarfe da fasasshen bokiti, shi kaɗai ne a unguwar ke aikata abin da littafin ke faɗa. Gwangwanin lemo ya koma tukunya a hannun maƙera, roba ta tafi injin niƙa ta dawo buta ko silifa. Mun taɓa gayyatar ɗayansu aji ya yi bayani?

Malama Rabi: Malam Nasiru ashe kai ma kana ciki, ka tsaya kana cewa in koma wa littafi.

Malam Nasiru: Ina ciki mana. Gajiya ce.

Ummi: Malamaina ina wuni. Ni ɗaliba ce, ina koyon aikin koyarwa, ku yi haƙuri da shigowata cikin manya. Game da ledar fiya wata, a makarantar da aka tura ni muna yanke bakinta, mu huda gindin, mu cika da ƙasa da taki, mu shuka zogale da darbejiya. In sun yi tsawon hannu kowane yaro ya tafi da nasa gida. Ba ta rage ledar da yawa, amma yaran sun daina ganin ta a matsayin ƙazanta kawai.

Sannan ba a yi maganar abincin da ke lalacewa ba. Akwai wani malami, Mohammed Bah Abba, da ya koyar a Jigawa, ya samu lambar yabo ta kamfanin Rolex a 2000 saboda yaɗa tukunya cikin tukunya. Ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke bi. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa yana janye zafi, cikin ya yi sanyi. Mun gwada da tumatir, rabi a ciki rabi a faifai, yara na dubawa kullum suna rubutawa. Na faifan ya yi laushi ya fara ruwa, na tukunyar yana nan da ƙarfinsa. Da rani ya fi aiki, da damina iska ta riga ta jiƙe. Darasi biyu ke nan a tukunya ɗaya, na kimiyya da na tattali, kuma mai dabarar namu ne.

Baba Hedimasta: Ummi Allah ya yi miki albarka. Randar kakarki ce aka sa wa boko.

Malam Kabiru: Malama Rabi, in kina son abin da za a yi a makaranta ba a gida ba, don kada a sake tona asirin kowa, ki yi ramin taki. Bayan azuzuwa, inda inuwa take, zurfin gwiwa ya isa. A fara shimfiɗa busasshen ganye da karmami, a bi da ɗanyen abu, ɓawon lemo, ɓawon ayaba, ragowar ganye daga masu abincin bakin gate, a watsa kashin awaki, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa ya yi damshi ba caɓi ba. A maimaita har ya cika, a rufe da tsohon buhu. Ban da nama, ƙashi da mai, ɓeraye za su kawo miki ziyara. Ki soka sanda a tsakiya. Bayan 'yan kwanaki ki sa yaro ya zaro ya taɓa, zai ji ta da zafi, daga nan tambaya za ta fito daga bakinsu ba daga naki ba: wa ya hura wuta a ciki? Ki shiga bayanin ƙananan halittu. A juya duk bayan mako biyu ko uku. Wata biyu zuwa uku ya zama baƙi mai ƙamshin ƙasar damina, ki ba Ummi ta zuba a ledojinta.

Malama Rabi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan dawo da labari.

Malama Rabi: Salam. Mako uku ke nan, ga yadda aka yi. Ƙirgar gida na soke ta. Na koma ƙirgar aji: kwali ɗaya a bayan ƙofa, duk abin da mu kanmu muka yar a makaranta, har da ni, ranar Alhamis mu zazzage mu ware. Ba sunan kowa. Aikin gida kuma na canza shi zuwa tambaya ɗaya: ka samu tsoho ko tsohuwa a gidanku ko maƙwabta, ka tambaya da me ake sayo mai, nama, gishiri da goro kafin leda. Amsoshin sun fi littafin daɗi. Kwalba, kwano, ganye, takardar siminti, huhu. Yaron nan mai 94 shi ya kawo mafi tsawo, shafi biyu, kakarsa ta yi sana'ar daddawa ta ba shi labarin yadda ake ƙunshe ta a ganye. Na sa ya karanta a gaban aji. Muryar na rawa da farko amma ya kai ƙarshe. Na kuma bi shawarar Hajiya, na yi musu lissafin ƙulli-ƙulli a allo ba tare da na kalli kowa ba, har wanda ya yi maganar hedikwata ya sunkuyar da kai.

Mahaifin yarinyar bai dawo ba, amma ita ta ce min ya ga tana shanya ledar fiya wata ya tambaya, ta ce ta zogale ce, ya ce to a kawo masa biyu.

Yanzu matsalar. Mun haƙa ramin, mun cika, sanda ta fara ɗumi, yara na ta murna. Ledojin da muka wanke muka tara buhu biyu muna jiran mai saye. Litinin na zo na tarar da toka. Baba maigadi ya yi sharar Asabar, ya ga tarin ganye a rami da buhunan leda a gefe, ya haɗa ya cinna musu ashana kamar yadda yake yi shekara da shekaru. Har yana faɗa min ya taimaka min da dattin da yarana suka bari.

Malam Nasiru: Ban ce komai ba.

Hajiya Binta: Kai Nasiru ka ji tsoron Allah, ina jin dariyarka daga nan.

Baba Hedimasta: Rabi, laifinki ne, kin sanar da shugaba ba ki sanar da mai makarantar na gaskiya ba. Kada ki kai ƙararsa. Ki sayi goro ki same shi a bencinsa, ki gaishe shi da kyau, ki tambaye shi ko ya taɓa noma. Na rantse ya taɓa. Ki ce yaranki ba su iya haɗa taki ba, ya zo ya nuna musu. Ki ba shi ramin ya zama nasa.

Malama Rabi: To Baba, gobe in sha Allah. Malam Kabiru, kashin awakin da ka kawo ya tafi a gobarar, akwai saura? Kuma har yanzu ina jiran kwalin nan.

Malam Kabiru: Akwai buhu ɗaya, ki turo yara biyu da baro ranar Laraba bayan an tashi. Kwalin kuma matata ta ce in bai bar gidan ba a makon nan, ni zan bar shi.